Ina son hawan Dutsen Shere ni kaɗai, Hajiya ta ce ba da yawunta ba

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekaruna 39, da mata ɗaya da yara uku, ina koyarwa a wata sakandare a Kano. A Jos aka haife mu, mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da ƙanena. Shi ya yi Man O' War, ƙungiyar nan ta horar da matasa, ya sha hawan duwatsun Shere, kullum cewa yake sai ya kai ni ƙololuwa na ga garinmu daga sama. Sau uku muna sa rana, duk ni na ɗage. Bara Allah ya karɓi abinsa bayan jinyar kwana tara.

Tun lokacin ba abin da ke raina sai in je in hau dutsen nan ni kaɗai, in fita da asuba in dawo da yamma. Ba na son kowa ya bi ni. Da na faɗa a gida, Hajiyarmu, wadda yanzu a wurina take zaune, ta ce ba da yawunta ba, ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Uwargida kuma ta ce in dubi yara, ta tuna mini ina da hawan jini, kuma gaskiya ba kullum nake shan maganin ba. Wata uku ke nan ina tafiyar ƙasa ta awa ɗaya kowace safiya. Na yanke shawarar in hutun Disamba ya zo zan ce musu ɗaurin aure za ni Jos, in je in yi abin da ya kai ni. Wani lokaci ma ji nake ko na dawo ko ban dawo ba duk ɗaya ne. Don Allah, wannan saɓa wa uwa ne, ko kuwa alkawari ne da ya zama dole in cika?

Wani malamin makaranta, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan ƙaninka, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba Hajiya da ku duka haƙurin rashinsa.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa, inda ka ce ko ka dawo ko ba ka dawo ba duk ɗaya ne. Ka ajiye maganar can ƙasa kamar wadda ta suɓuce maka, amma ni da ita zan fara, don ta fi batun dutsen nauyi a wurina. Zan tambaye ka ba kwana-kwana, yadda zan tambayi ƙanena da yana zaune a gabana. Rayuwa ce ta fita daga ranka? Tunanin mutuwa yana yawan zuwar maka, ko ka taɓa raya yadda za ka cutar da kanka? In amsar e ce, ko da kaɗan ne, to maganar Shere ta dakata. Cikin makon nan ka faɗa wa mutum guda da ka amince da shi, sannan ka je ka ga likita ka maimaita masa maganar nan daidai yadda ka rubuto mini. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wurin ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Baƙin cikin rashi da ya doshi shekara bai sassauta ba, har ya sa mutum ya daina damuwa da maganinsa, ciwo ne da ake dubawa kamar kowane ciwo. Ina ganin wasa da ƙwayar hawan jinin nan da wannan maganar ta “duk ɗaya ne” daga tushe guda suka fito, shi ya sa ban ɗauke ta da sauƙi ba.

In kuwa gajiyar zuciya ce kawai ta sa ka faɗa, to duk da haka ka ga likitan, don dama za ka gan shi saboda hawan jinin. Yanzu mu zo ga abin da ka tambaya.

Ba ka faɗi dalilin da ya sa ba ka son kowa ya bi ka ba, amma na san yadda rasuwa take a gidajenmu. Kai ne babba, kai ne namijin da ya rage a ɗakin. Kai ka yi ta zirga-zirgar asibiti, kai ka nemo likkafani, kai ka zauna a tabarma ƙofar gida kwana uku ana miƙo maka hannu ana cewa ya haƙuri, kana amsawa da godiya. Mata sun yi kukansu a cikin gida, sun rungumi juna. Kai kuwa an ce ka zama namiji, ka lallashi Hajiya, ka duba lissafin shinkafar baƙi. Aka watse, ka koma aji ka ci gaba da riƙe alli. Ina kyautata zaton abin da kake nema a saman dutsen nan wuri ne da za ka yi kuka ba wanda zai ce maka ka yi haƙuri. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma ba abin kunya a cikinta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, sahabbai suna kallo. Saboda haka ba zan ce maka ka cire dutsen daga ranka ba. Ina ma son ka je. Yadda ka tsara tafiyar ne ban yarda da shi ba.

Batun alkawari kuwa, ka sauke wa kanka wannan kayan. Ba bakance ka yi wa Allah ba, hira ce ta wa da ƙani, irin wadda kowa ke yi yana zaton akwai gobe. Ɗage tafiya sau uku saboda jarrabawar ɗalibai ko rashin kuɗin mota ba zalunci ba ne, kuma da shi ne ya rage kai ka tafi, da shi ma yana nan yana ƙirga abubuwan da ya ɗage maka. Sannan ka sake duba alkawarin da kyau. Cewa ya yi zai kai ka. Bai taɓa cewa ka je kai kaɗai ba. Wanda ya yi horo a makarantar dutse ta Man O' War da ke gindin Shere, cikin abubuwan da ake cusa masa akwai tafiya a ayari da duba na baya. Ka fi ni sanin ƙaninka. Da a ce yana raye ka ce masa za ka hau ba tare da kowa ba, ga hawan jini, ga rashin sanin hanya, me kake jin zai ce maka?

Sai Hajiya. 'Ya'ya maza biyu Allah ya ba ta, ta ga an fita da ɗaya a makara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, balle wannan ba tsumma ba ne, haɗari ne na zahiri. Ita ba ta san mita nawa dutsen yake ba, ba ta kuma buƙatar sani. Abin da ta ji shi ne ɗan da ya rage mata yana son shiga daji shi kaɗai, wurin da ke da alaƙa da wanda ya tafi. Kuma kada ka raina idon uwa. Mai yiwuwa abin da na gani a wasiƙarka ita ta daɗe da ganinsa a fuskarka, a yadda kake tashi daga kan abinci, a yadda ka rage hira. Ƙin cin abincinta ba rigima ba ce, tsoro ne da ba ta da kalmar faɗinsa. Ka tambaye ni ko tafiya a haka saɓa mata ne. A ganina e, saɓawa ce. Ya zo a hadisi cewa wani mutum ya zo yin mubaya'a a kan hijira ya baro iyayensa suna kuka, aka umarce shi ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. In hijira ta jira hawayen iyaye, hawan dutse ya fi cancantar jira. Sai dai ka lura, abin da ta ƙi shi ne tafiyar da ka kawo mata, ta mutum ɗaya ba jagora. Ba ka taɓa kai mata wata tafiyar ba tukuna.

Uwargida ma ba ta faɗi abin da ba daidai ba. Ita ce ke ganin kwalin magani ya yi wata bai ƙare ba. Ita ce za a bari da yara uku da tsohuwa mai makoki biyu in wani abu ya faru. Ina kuma jin akwai abin da ke cin ranta da ba ta furta ba: shekara guda mijinta yana ɗauke da ciwo, ya gwammace ya kai wa dutse da ya kawo mata. Ba laifi nake ɗora maka ba, haka aka raine mu. Amma ka gwada ka zauna da ita bayan yara sun yi barci, ka ce mata har yau ba ka yi kukan ƙaninka ba. Za ka yi mamakin yadda maganar dutsen za ta sauya a bakinta.

Ƙaryar ɗaurin auren nan, ka binne ta tun yanzu. Bar ma batun zunubi da zubewar amana, dubi yadda daren zai kasance. Magariba ta yi, wayarka ba ta shiga. Uwargida ta daure har isha, sannan ta fara kiran dangi na Jos tana tambayar gidan wa aka ɗaura aure. Kowa ya ce bai sani ba. A bi tashoshin mota, a bi asibitoci, a kai rahoto ga 'yan sanda, ba wanda zai kalli wajen duwatsu, don ba wanda ya san can ka nufa. Kai kuwa kana kwance a bayan wani dutse da targaɗe, cikin sanyin Jos na Disamba, da riga ɗaya. Abin da ke ceton wanda ya maƙale a dutse shi ne a san inda yake da lokacin da ya kamata ya sauko, ƙaryar kuma wannan ɗin take kashewa.

Bari in gaya maka yadda wurin yake, don ka auna da hankalinka. Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar Shere kuma wajen mita 1,829, ga Kano da ba ta kai mita 500 ba. Tsayin bai kai inda ciwon ƙarancin iska ke kama mutane ba, wannan galibi sai an haura mita 2,500, amma za ka ji numfashinka ya fi na gida gajarta. Abin da ke wahalarwa a Shere ba tsayin ba ne, yanayin wurin ne. Ba dutse ɗaya ba ne mai matakala kamar Dala. Jerin duwatsu ne, ka hau wannan ka gangara kwari ka sake hawan wancan, tsakanin manyan duwatsu masu kama da juna, ga ciyawa da ta kai ƙugu bayan damina, ga hanyoyin shanu da ke rarrabuwa. Abin da ka hango kamar ƙololuwa, in ka isa sai ka ga wata a bayanta. Da hunturu kuma hazo kan rufe gari, alamar da ka riƙe da safe ta ɓace maka da rana.

Akwai wani lissafi da masu hawan duwatsu ke amfani da shi tun 1892, na wani mutumin Sukotilan mai suna William Naismith: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A ce hanyar da ka bi kilomita 15 ce zuwa da dawowa, da hawan mita 600, lissafin ya ba da awa huɗu. Amma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne a hanya mai kyau, ba hutu, ba ɓata. Kai da za ka fara, ka sa awa bakwai zuwa takwas a ranka. A Disamba rana kan fito a Jos bayan shida da rabi, ta faɗi shida da 'yan mintuna, kuma duhu ba ya jira, cikin rabin awa ya rufe. Ka ga ba ka da rarar lokacin da za ka ɓata hanya sau biyu.

Mutane suna tsoron hawa, alhali saukowa ce ke kayar da su. Na taɓa gangarowa daga wani dutse a Filato tare da wani abokin tafiya, mutum mai ƙarfi da ya fi ni juriya. La'asar ta yi, ƙafafu sun gaji, gwiwa na rawa. Ya taka wani falalen dutse da 'yar tsakuwa ta baje a kai, takalmin ya zame kamar an ja shi, idon sawun ya gurɗe. Ba karaya ba ce, targaɗe ne kawai. Wurin da muka hau cikin minti arba'in sai da muka yi kusan awa uku muna saukowa, hannunsa a wuyana, yana zama yana jan jiki a inda ya yi tsayi. Muna hango fitilun gari suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, ga su nan kamar ka miƙa hannu, amma ba mai jin kiranmu, waya kuma ba sabis a cikin kwarin. Da shi kaɗai ne, a can zai kwana. Tun ranar ban sake ɗaukar kalmar targaɗe da wasa ba.

Ga kuma maciji. Filato ƙasar kububuwa da kasa ce, shi ya sa cibiyar lafiya ta Zamko a yankin Langtang ta yi suna wajen jinyar saran maciji, kamar asibitin Kaltungo a Gombe. Da sanyi suna rage yawo, amma sukan fito shan hantsi a kan duwatsu. Ƙa'idar sara ita ce kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Wanda yake shi kaɗai wa zai ɗauke shi? Dole ya taka da ƙafarsa, takun kuma shi ke yaɗa dafin. Sannan duwatsun nan da masu su. Akwai ƙauyukan Afizere, waɗanda muke kira Jarawa, akwai gonaki, akwai makiyaya da mafarauta. Kai haifaffen Jos ne, ba sai na ba ka labarin abin da jihar ta sha na rikici da satar mutane ba. Baƙuwar fuska da jaka a baya, ita kaɗai a dawa, tana iya zama abin zargi, tana iya zama abin farauta. Wanda ya zo da ɗan gari, ya tsaya ya gaida mai unguwa, lissafinsa daban ne.

To yaya za ka sami kaɗaicin da kake nema ba tare da ka ɓace wa mutane ba? Manzon Allah yakan keɓe a kogon Hira kwanaki, amma guzurinsa daga gida yake, in ya ƙare ya koma wurin Nana Khadija ya ƙaro, wato gida ya san inda yake. Ranar hijira kuma, duk da yana tare da Sayyidina Abubakar, sai da suka ɗauki ɗan jagora masanin hanya. Abin da nake ba ka shawara ke nan. Ka nemi jagora, ku yi sharaɗi tun a ƙasa. Ka ce masa kai ba hira ta kawo ka ba, rashi aka yi maka. Ya yi gaba da tazarar da zai riƙa waiwayowa yana ganinka, ba magana sai in hanya ta buƙata. In kun isa sama, ya koma bayan wani dutse ya ba ka rabin awa ko fiye. Ba wanda zai ga hawayenka, kuma akwai kafaɗar da za ka dafa in ƙafa ta gurɗe. Za ka sami irin waɗannan mutane ta wajen makarantar Man O' War ɗin, ko ta ƙungiyoyin matasan Jos da ke fita hawan duwatsu a ƙarshen mako.

Wanda ya fi duka, in da hali, shi ne ɗaya daga cikin abokan marigayin da suka hau tare. Duba wayarsa ko hotunansa, ko ka tuna waɗanda suka zo gaisuwa suka daɗe a zaune. Irin wannan mutumin zai bi da kai ta hanyar da ƙaninka ya saba bi, ya nuna maka dutsen da suke zama su huta, ya ce nan ya tsaya ranar da ya ɗauki hoton nan. Kai kaɗai, ko ka kai ƙololuwa, ba za ka san ko inda ya so ya kai ka ke nan ba. Kuma sunan wannan abokin, in Hajiya ta san shi, zai yi mata aikin da hujja ɗari ba za ta yi ba.

Kafin nan akwai aiki a gabanka. Ka koma kan maganinka kullum, ba ranar da kai ya yi ciwo kaɗai ba, ka riƙa auna jinin kana rubutawa a takarda har tsawon wata guda. Ka kai wa likita takardar, ka gaya masa ainihin abin da za ka yi, tafiyar awa takwas da hawa. In awon yana kai wa 180 bisa 110, ba a maganar aikin ƙarfi sai ya sauka. Ka tambaye shi ko maganinka na cikin masu sa yawan fitsari, don irinsu na saurin ƙarar da ruwan jiki a rana. Tafiyar safen da kake yi ta yi kyau, Allah ya ƙara ƙarfi, amma titin Kano shimfiɗe yake, bai koya wa cinya hawa ba, bai koya wa gwiwa sauka ba. Ka riƙa zuwa Dala ko Goron Dutse sau biyu a mako, da jaka mai ruwa lita uku a baya, ka hau ka sauko ka sake hawa, kana ƙara yawan zagayen a hankali, da takalmin da za ka je da shi. Kada ka sayi sabon takalmi ana jibi tafiya. Kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafarka ta saba da shi, kuma ka yanke farce, don a gangara yatsu ne ke dukan gaban takalmi. In ka ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan hutu, ka tsaya ka koma wa likita. Wata biyu zuwa uku kake buƙata a haka. In Disamba ta yi kusa, Janairu da Fabrairu ma rani ne. Damina dai ka bar ta, daga Afrilu zuwa Oktoba, saboda santsi da tsawa, saman dutse kuma ba wurin fakewa.

Ranar tafiyar, ka isa Jos da kwana biyu ka huta, ka tambayi mutanen yankin halin da ake ciki a makon, in sun ce a dakata ka dakata. Ku kama hanya gari na wayewa. Ruwa aƙalla lita uku zuwa huɗu, wato leda shida zuwa takwas, ban da na alwala, kana kurɓa tun ƙishi bai kama ka ba. Dabino, ayaba, gyaɗa da biredi sun isa guzuri. Kilishi ka bar shi sai an sauko, gishiri da yajinsa ƙishi suke jawowa. Ka sa rigar sanyi a jaka ko da gari ya yi zafi, da malafa, da sanda, da tocila, da fawa banki, da bandeji, da ƙwayarka. Sannan ka sa lokacin juyowa tun kana ƙasa: sha biyun rana ta yi, ko kana hango ƙololuwa a gabanka, ka juya. Ka faɗa wa jagoran wannan a gaban shaida, don a sama zuciya za ta ce saura kaɗan. Uwargida kuma ka bar mata takarda da sunan ƙauyen da za ku tashi, lambar jagoran, lambar wani ɗan'uwa a Jos, da lokacin da in ba ta ji ka ba za ta tayar da mutane. Ka ga ta tashi daga mai hanawa ta koma mai riƙe da igiyar tafiyar. Kuma kada ka kamo hanyar Kano a daren, ka kwana.

Wannan tafiyar za ka kai wa Hajiya, bayan likita ya sa hannu. Kada ka je mata da gardama. In akwai kawu ko wani malami da take jin maganarsa, ka fara bi ta wajensa. Ka ce mata ba kai kaɗai ba ne, ga wanda zai raka ka, ga abin da likita ya ce, kuma addu'a za ka je ka yi wa ɗanta a wurin da yake so. Mai yiwuwa ta sa albarka, har ta ce ka ɗauko mata hoto. Mai yiwuwa kuma ta ce a'a. In ta ce a'a, ka haƙura bana, ka sake gwadawa baɗi lokacin da ciwon ya ɗan lafa mata. Kafin nan ba a hana ka zuwa Jos ka tsaya a gindin duwatsun ba, ko ka bi ayari zuwa wani ƙaramin tudu na awa biyu, ko ka ziyarci kabarinsa kai kaɗai da sassafe lokacin da maƙabarta ba kowa. Kuɗin da ka tara na tafiyar ma, in ka sa wani abu daga ciki a sadakar ruwa da sunansa, ko kuɗin makarantar wani yaro, wannan kam yana isa gare shi.

Yau da daddare, bayan isha, ka shiga ɗakin Hajiya ka zauna a ƙasa kusa da sallayarta. Kada ka ambaci dutse. Ka tambaye ta yadda ƙaninka yake yana yaro, lokacin da kuke Jos, abin da ya fi so ta dafa masa, ranar da ya fara ɓata mata rai. In ta fara kuka kada ka ce ta yi haƙuri, kai ma kada ka tashi ka fita. Bayan ka ga likita ka sake rubuto mini, da awon jininka na wata guda, da amsar tambayar da na fara yi maka. Ina jira, kuma kana cikin addu'ata.